Alam 3002: littafin mako bakwai a kan injin da ke tsayawa wajen canjin wuƙa

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau na buɗe wa wannan matsala littafinta daban, don na gaji da dogaro da abin da kowa ke tunawa. Injin da ake magana a kai shi ne babban injin sassaƙa ƙarfe na shagonmu a nan Maraɗi, ƙirar Taiwan, wanda aka saya na hannu, mai kwamfutar Fanuc 0i-MC. Wuƙaƙensa 16 ne, masu gindin BT40, suna rataye a faifai irin mai kama da laima. In shirin da kwamfutar ke bi ya kai kan M06, wato umarnin canjin wuƙa, kan injin ya hau sama, faifan ya matso ya kama wuƙar da ke sifindil, wato sandar da ke riƙe wuƙa tana juya ta, silinda ta danna ta sake ta, kan ya ƙara hawa, faifan ya juya zuwa sabuwar wuƙa, kan ya sauko ya kama. Abin da ido ke gani ke nan cikin 'yan sakanni.

Tun tsakiyar Disamba yake tsayawa a daidai wajen sakin wuƙa, allo ya nuna alam 3002, wai wuƙa ba ta saku ba. Ka leƙa kuwa ka ga ta saku sarai. A danna RESET, a mai da faifai, a sake, ya wuce lafiya kamar ba shi ba. Wata rana sau uku, wata rana ko sau ɗaya.

Na rataye takarda da biro a jikin ƙofar injin. Duk wanda alam ya fito a hannunsa ya rubuta lokaci, lambar wuƙa, da abin da allurar iska ke nunawa a lokacin. Na roƙi yara kada kowa ya taɓa komai.

Laraba, 8 ga Janairu

Yau abin ya ci mana kuɗi. Muna yin murafen famfon ban ruwa guda 24 na wani mai lambu daga Jiratawa. Alam ya fito lokacin da injin zai ajiye wuƙa ta 4, mai share fuska, ya ɗauki ta 7, ta huji. Babban yaronmu ya yi abin da muka saba: ya danna RESET, ya mai da faifai baya, ya koma layin T7 M06 ya tada shiri. Injin bai canja komai ba, ya wuce kai tsaye, ya sauko da wuƙa ta 4 da awon tsawon wuƙa ta 7. Allah ya taimaka hannunsa na kan maɓallin tsayawa. Murfi ɗaya ya lalace, haƙoran wuƙar biyu sun karye, sifindil ya tsira.

Ya zo yana rawar murya: "Malam, wallahi yadda kuka nuna mini na yi." Na ce masa na sani, ya je ya sha ruwa. Gaskiyarsa ce. Mun yi hakan sau da dama, sai dai a baya mukan kira wata wuƙar daban da hannu kafin mu koma shiri, ba tare da mun san wannan ne ke cetonmu ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne injin ya yarda cewa wuƙa ta 7 na sifindil alhali ba ta nan. Wani abu ne ya faɗa masa haka. Daga yau duk alam, sai an kira ni kafin a tada shiri.

Alhamis, 9 ga Janairu

Kafin in taɓa ko harafi ɗaya, na kwashe komai a katin ajiya: faramita (saitunan injin), shirye-shirye, awon wuƙaƙe, akwatunan makro (inda shiri mai lissafi da sharaɗi ke ajiye lambobinsa) da bayanan PMC (ɓangaren kwamfutar da ke kula da su bawul da makunnai). Ramin katin yana gefen allo, sai a sa tashar shige da fice a kan 4. Kwafi ɗaya a kwamfutar ofis, ɗaya a gidana. Duk wanda ya taɓa ganin batirin ajiyar irin wannan injin ya mutu ya san dalili.

Faramita 6071 tana ɗauke da 6, ma'ana M06 a wannan injin ba umarni ne guda ba, kira ne zuwa shiri O9001. Shirye-shiryen gidan 9000 a kulle suke, sai an mai da NE9, wato bit na 4 a faramita 3202, zuwa sifiri. Na buɗe, na kwafe shirin da hannu a littafi, na sake kullewa. Layi 41 ne.

Amsar abin da ya faru jiya tana layi na shida. Akwati #510 shi ne inda shirin ke ajiye lambar wuƙar da ke sifindil, kuma akwatunan gidan 500 ba sa mantuwa ko an ɗauke wuta. Wanda ya rubuta shirin ya sa a zuba sabuwar lamba a #510 tun daga farko, kafin faifai ya ko motsa. To in canjin ya tsaya a tsakiya, littafin injin ya riga ya ce sabuwar wuƙa ta hau. Ka sake kiran ta, shirin ya duba ya ga wadda ake nema ita ce wadda ke rubuce, ya tsallake zuwa ƙarshe. Shekaru wannan rami yana nan, ba mu faɗa ba don canji bai saba tsayawa a tsakiya ba.

Ban gyara ba tukuna. Ina son in fara gane alam ɗin kansa.

Asabar, 11 ga Janairu

Takardar ƙofa ta yi kwana shida: alam 9. Bakwai kafin ƙarfe goma na safe, biyu bayan la'asar. Lambar wuƙa ba ta da hannu, kusan kowace ta samu rabonta. Allurar iska a dukkan na safe tana kan ba 6 daidai (ba, wato bar, shi ne ma'aunin matsin iska). Na la'asar ɗin, ɗaya an rubuta 5, ɗaya ba a rubuta ba.

Alhaji mai shago ya ce sansa ce, wato 'yar na'urar da ke gane ko wuƙa ta saku, a aika Kano a sayo. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako guda." Sansar da ke lalacewa ba ta duba agogo. Amma don in cire shakka na hau saman kan injin, na goge ta, na duba tazararta da ƙarfen da take gani, na girgiza wayarta tun daga sama har cikin akwatin lantarki yaro na kallon allon PMC. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Wutar volt 24 ɗin ma tsaye take.

Litinin, 13 ga Janairu

A shirin, bayan M82, wanda shi ne umarnin sakin wuƙa a wannan injin, akwai layin G04 na jiran sakan ɗaya, sannan layin IF da ke duba #1001. Wannan akwati shi ne tagar da makro ke ganin sansar saki ta cikinta: 1 in ta saku, sifiri in ba ta saku ba. In ya ga sifiri sai ya tafi layin #3000=2, wanda ke haifar da alam 3002.

Tunanina mai sauƙi ne: sanyi na sa silinda nauyi, sakan ɗaya bai isa ba. Na mai da jiran sakan 3.

Laraba, 15 ga Janairu

Jiya alam biyu, yau ɗaya, duk da safe. Na tsaya a gaban injin na gani da idona: silinda ta buga, wuƙa ta saku, na ji ƙarar iskar da ke hure ramin sifindil, kuma alam ya fito nan take, bai jira sakan ukun ba. Ko ɗaya bai jira ba.

Wannan ya hana ni barci. Layin jira yana gaban layin dubawa, a rubuce, ina ganinsa. Ta yaya za a ce an duba kafin a jira?

Juma'a, 17 ga Janairu

Bayan an sauko daga masallaci shago ya yi shiru, na zauna da littafin mai aiki da injin, babin makro, wajen da ke bayanin yadda kwamfutar ke karanta layuka. Na sha wuce wannan shafi. Yau na karanta shi sau uku.

Kwamfutar ba ta jiran layi ya ƙare kafin ta karanta na gaba. Tana aiwatar da ɗaya, tana riƙe da na gaba a hannu, don kada wuƙa ta riƙa tsayawa tsakanin layi da layi ta bar tabo a jikin ƙarfe. Layukan motsi da na M da na jira suna shiga layi su jira lokacinsu. Amma layukan lissafi da na sharaɗi, irin su IF da WHILE da zuba lamba a akwati, ba sa shiga layi. Da zarar an karanto su ake zartar da su, kwamfutar ta wuce neman layin aiki na gaba.

To ga yadda abin yake a shirinmu. M82 na aiki, G04 na riƙe a hannu. M82 ya ƙare, G04 ya fara ƙirga, a wannan ƙiftawar kwamfutar ta miƙa hannu ta ɗauko layi na gaba, ta tarar IF ne, ta zartar da shi a take. Ana duba sansa a farkon jira, ba a ƙarshensa ba. Ko sakan 30 na sa, daidai da ban sa komai ba. Kamar mai gadi ne da aka ce ya ƙirga goma sannan ya leƙa ko ƙofa ta buɗe, shi kuwa ya leƙa tun yana cewa "ɗaya".

Sai tambaya ta biyu: yaushe M82 ke ƙarewa? Na buɗe tsanin PMC, wato shirinsa da aka zana kamar tsani, wanda ana iya karanta shi ko da ba a iya gyara shi. Na bi M82 daki-daki. Na yi zaton alamar kammalawa tana jiran sansa. Ba ta jira. Wani agogo ne na TMRB, irin wanda lokacinsa ke rubuce a jikin tsanin kansa, kusan rabin sakan. Bawul ya buɗe, agogo ya cika, a ce wa kwamfuta an gama, ko silinda ta kai ko ba ta kai ba.

Ke nan duk rayuwar injin nan, abin da silinda ke da shi don ta kai ƙasa rabin sakan ne, ba sakan ɗaya da rabi kamar yadda mai karanta shirin zai ɗauka ba. Ba na ganin laifin kwamfutar, abin da littafinta ya ce tana yi shi take yi. Wanda ya rubuta makron ne ya sa jira a wurin da ba ya aiki, kuma muddin silinda na da ƙarfinta babu mai ganewa.

Asabar, 18 ga Janairu

Gwaji don tabbatarwa. Littafin ya ce akwai layukan da ke hana karatun gaba: M00, M01, M02, M30, duk lambar M da aka yi wa rajista a faramita 3411 zuwa 3420, da G53. Na mai da jira sakan ɗaya yadda yake da, na sa layin G90 G53 shi kaɗai, ba tare da wani motsi ba, tsakanin jira da IF, na mai da G91 a bayansa. Abu ɗaya kawai na canja.

Laraba, 22 ga Janairu

Safiya uku babu alam, kuma sanyin bai ragu ba, hazo ma ya ƙaru har ba a ganin ƙarshen titi. Alhaji ya ce to shi ke nan, Allah ya yi albarka, a rufe littafi.

Na ce masa da saura. Injin nan ya yi hunturu uku a hannunmu da wannan makron bai yi kuka ba. Wani abu ya canja a jikinsa bana. Abin da na yi ranar Asabar ya rufe bakin alam ne kawai, silinda na nan da nauyinta, kuma in ta ci gaba da yin nauyi wata rana za ta tsaya rabin hanya, kan injin ya hau da wuƙa a maƙale ya fizge yatsun faifai. Ya yi shiru, ya ce, "Kai ka san aikinka, amma murafen mutumin Jiratawa su fita ranar Asabar." Za su fita.

Alhamis, 23 ga Janairu

A sashen binciken PMC akwai TRACE, wanda ke zana lokacin da kowace alama ta kunnu da lokacin da ta mutu. Na sa masa biyu: fitar da ke kunna bawul ɗin saki, da shigar sansa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ainihin lokacin silinda.

Ƙarfe takwas saura na safe, canji goma: tsakanin milisakan 470 da 540. Ƙarfe ɗaya na rana: 380 zuwa 400. Ga shi a fili. Da rana muna wucewa da ɗan rata, da safe muna kan bakin iyaka, wani canjin ya tsallake wani ya faɗa.

Na la'asar ma na kama shi. Wajen ƙarfe biyar ƙaramin yaronmu kan ɗauki bindigar iska ya hure tarkacen ƙarfe daga ƙaramin injin juyi, kuma bututu ɗaya ke ciyar da su duka. Na ce ya danna ya riƙe, na kira canji: allura ta sauka ƙasa da ba 5, lokaci ya haura 520. Makunnin da ke tsai da injin in iska ta yi ƙasa ba ya motsi sai wajen ba 4, don haka bai taɓa cewa komai ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Murafe sun fita. Da yamma muka kashe injin, muka sauke iska, na hau sama da fitila.

Silindar saki irin mai haɗa iska da mai ce: iska ta tura babban fistan, shi kuma ya matse mai a ƙaramin rami, ƙarfin ya ninku har ya iya danne faifayen sifirin da ke riƙe da wuƙa. A gefenta akwai ɗan kofin mai na roba. Ƙura ta rufe shi har ba a ganin ciki. Da na goge, man ya sauka ƙasa da layi, kuma ya yi baƙi ya yi kauri, na shafa a yatsa yana ja kamar zuma a sanyi. Ban san rabon da a duba shi ba, kuma wannan aikina ne.

Amma babban abin yana jikin bawul. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Bawul ɗin yana da 'yan salansa biyu na tagulla, kowace ba ta fi kan yatsa ba, inda iskar da ta gama aiki ke fita. Tururin mai na fita ta cikinsu, ƙurar hunturu na sauka a kai, su biyun suka haɗu suka zama laka ja mai tauri. Na kwance ɗaya na sa a baki na hura, kumatuna suka cika, da ƙyar wani abu ya fita. In iskar bayan fistan ba ta samu hanyar fita ba, ita ce ke tokare shi, ko da allura na nuna ba 6 a gaba. Shi ya sa takardar ƙofa ta yi ta nuna iska lafiya.

Na jiƙa su a kananzir, na hure su, suka buɗe kaɗan. Mai kuwa ban taɓa shi yau ba, don in san rabon kowanne.

Litinin, 27 ga Janairu

Da salansa kaɗai, safiya: 360 zuwa 390. Da rana na zubar da tsohon mai, na zuba sabon man haidurolik mai lamba 32 kamar yadda ke rubuce a jikin silindar, na yi ta saki da kamawa da hannu har kumfa ta daina fitowa a kofi.

Talata, 28 ga Janairu

Safiya: 270 zuwa 300. Ƙarar ma ta canja, ta koma bugu ɗaya mai kaifi. Babban yaronmu ne ya fara lura, ya ce, "Malam, haka yake yi lokacin da na zo shagon nan."

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau na sake rubuta O9001, bayan na ƙara ɗaukar kwafi.

Na yi wa M81, M82, M83 da M84, wato matso da faifai, saki, kamawa da mai da faifai, rajista a faramita 3411 zuwa 3414, don kwamfuta ta daina karanta abin da ke bayansu sai sun ƙare. Na cire G04 da G53 ɗin gwaji. A madadin duba sau ɗaya, na sa WHILE da ke zagaye yana duban #1001 har ta zama 1, da agogon #3001 mai ƙirga milisakan, wanda nake mayarwa sifiri daf da M82. In ya haura 2000 sansa ba ta amsa ba, alam. Haka na yi wa kamawa.

Jira mai tsawo shi kaɗai zai iya ɓoye ciwo, don haka na sa shirin ya riƙa rubuta abin da ya gani. #520 na ƙirga dukkan canji. #521 na ƙirga canjin da silinda ta wuce milisakan 550. #522 na riƙe mafi tsawon lokacin da aka taɓa samu. Saboda agogon tsanin PMC, makro ba ya iya ganin abin da ya gaza rabin sakan, amma abin da ya haura shi ne damuwata. In lokaci ya wuce 800, injin zai gama canjin sannan ya tsaya da saƙo ta #3006, a duba salansa da mai.

Sai ramin ranar 8 ga wata. Zuba lamba a #510 ya koma ƙarshe, bayan sansar kamawa ta amsa. Na ƙara #511 a matsayin tuta: 1 a farkon canji, sifiri a ƙarshensa. In shirin ya fara ya tarar da 1, ma'ana canjin baya bai ƙarasa ba, ko don alam, ko RESET, ko ɗaukewar wuta, zai ƙi motsi ya ba da alam 3005 har sai mutum ya duba wuƙar da ke sifindil da gurbin da faifai ke fuskanta, ya gyara #510, ya sauke tutar da hannunsa. Ga garin da wuta kan tafi ba sallama, wannan layin ya fi mini duk sauran daraja.

Gwaji na farko na yi shi babu wuƙa a sifindil, gurabe a wofi, gudun injin a ƙasa, yatsana a kan jan maɓalli. Sannan da wuƙaƙe, canji 50. Sannan na katse da gangan a wurare huɗu daban-daban. Duk huɗun 3005 ya fito.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Sababbin salansa sun iso daga Kano a hannun wani direba da ke bin hanyar Jibiya, na sa huɗu a ajiye. Mun ja wa bindigar iska bututunta daban tun daga tankin kwamfaresa. Na rubuta matakan fita daga 3005 da Hausa a takarda, na sa a leda, na manna kusa da allo, kuma kowane yaro ya yi su a gabana sau biyu.

Talata, 11 ga Fabrairu

Wuta ta tafi da hantsi, faifai na ƙarƙashin sifindil, wuƙa a sake. Ba na nan, na je kai awo wajen wani mai injin matsar man gyaɗa. Da janareto ya tashi, babban yaronmu ya bi takardar, ya tarar #510 na nuna tsohuwar wuƙa kuma ita ce a wurin, ya kama ta, ya mai da faifai, ya sauke tuta, ya ci gaba. Sai da na dawo ya faɗa mini.

Asabar, 22 ga Fabrairu

#520 na nuna 2,314. #521 sifiri. Alam 3002 bai sake fitowa ba tun 18 ga Janairu. Na sake sa TRACE da safe: 280 zuwa 310.

Abu ɗaya bai kwanta mini ba. Na ja layi da alƙalami a jikin kofin mai ranar 27 ga Janairu, yau man ya sauka ƙasa da layin da kamar faɗin ƙwayar gero biyu. Babu ɗigo a waje, don haka ina zargin robar da ke tsakanin ɓangaren mai da na iska tana barin kaɗan ya wuce, kuma wataƙila shi ne man da ya haɗu da ƙura ya toshe salansa tun farko. Na auna silindar na ba da saƙon robobinta. Kafin su iso, duba kofi da salansa ya shiga aikin kowace Litinin.

Azumi saura kamar mako guda, kuma Alhaji ya ce za mu koma fara aiki bayan asuba mu tashi da azahar. Injin zai riƙa tashi a lokacin da ya fi kowane sanyi, daga baya kuma zafin Afrilu ya zo ya tsinka man. Na bar TRACE a saite, na buɗe sabon shafi na rubuta awon yau a samansa.